Ƙarar da ke Ƙarƙashin Maganar Baba

Kafin a-kori-kurar ta shigo garejin, muryar mai ita ta riga ta iso. Mai Ƙafa yana kwance a kan kwali ƙarƙashin wata ƙaramar mota, da sifana a hannu, sai ya dakata da aikin. Ya san muryar. Duk layin sun san ta. Mai Katako ne, dattijon da ke sayar da katako a bakin kasuwa, wanda 'yan gareji ke kira Rediyo da zarar ya ba da baya. Shi ne kuma mahaifin Auta, yarinyar da Mai Ƙafa yake nema.

Mai Fenti, maƙwabcinsa a garejin, ya zo ya shuri tafin takalminsa.

"Ango, fito. Surukinka ya sake dawowa."

"Don Allah ka rufa min asiri."

"Ni me na yi? Motar ce ke tona maka."

Mai Ƙafa ya jawo jiki ya fito. Sana'arsa ce ta ba shi sunan. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wuta, aikinsa ƙafar mota kawai, wato duk abin da ke tsakanin taya da gangar jiki. Kuma da kunne yake aiki. A ɗauke shi a mota a zaga da shi, ya lumshe ido ya saurara, kafin a dawo ya faɗi abin da ke ciwo. Haka ya koya, bai san wata hanya ba.

Sai ga motar Mai Katako, wadda ta ƙi masa. Wata ƙara take yi a gaba, gefen fasinja. Sau biyu ana kawo ta, sau biyu yana shiga a zaga da shi, bai taɓa jin ƙarar ba ko sau ɗaya. Dattijon ba ya ba kowa sitiyarinsa, kuma daga kunna mota har kashe ta bakinsa ba ya rufuwa. Wane ne zai ce wa uban yarinyar da yake nema ya yi shiru? Ballantana kawun Mai Ƙafa ya riga ya kai maganar aure, dattijon ya ce a bari tukuna ya ƙara duba yaron. To ana cikin duba yaron ne. Don haka a karon farko Mai Ƙafa ya yi ta "haka ne, Baba, gaskiya ne, Baba" har suka dawo, ya yi hasashe ya canza shokazoba, abin da ke shanye girgizar rami. A karo na biyu ya sake hasashe ya canza wasu robobi. Ƙarar ba ta je ko'ina ba.

Mai Ƙafa ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya amsa a tsakiyar wata maganar.

"Lafiya lau, lafiya lau. Yaro, motar nan ta girme ka, ka ji ko? Kafin a haife ka take ɗaukar kaya. Ni ban ji komai ba, ita wannan ce ta ishe ni, Baba ƙara, Baba ƙara. Na ce mata tsohuwar mota dole ta yi tari, ni ma ai ina yi. Gobe da sassafe za mu ɗauki hanya, zan kai wa yayarta katakon rufin ɗaki. Ka duba ta duban ƙarshe, don bakin wannan ya huta."

Auta ta sauko ta ɗaya ƙofar, tana kakkaɓe garin katako daga gefen mayafinta. Mai Ƙafa ya yi iya ƙoƙarinsa ya kalli taya kawai. Bai iya ba. Akwai wani abu a yadda take tsayawa, kamar kullum tana shirin yin dariya amma ta ɗage ta zuwa anjima, wanda ke sa ya manta sunayen kayan aikinsa. Ta jira har mahaifinta ya juya kan Mai Fenti da labarin gwiwarsa, sannan ta matso, ta rage murya.

"Tana nan, ta ma ƙaru. A ƙarƙashin ƙafata nake jin ta, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙasa. Jiya da muka karya kwana sai da sitiyarin ya so ƙwacewa. Baba ya ce iska ce."

"Har da ke za a yi tafiyar?"

"Da wa za a yi? Wa zai saurare shi a hanya?"

Ya san hanyar. Hawa da gangara ce, da kwanoni masu kaifi, ga kuma lodin katako a baya. Ya tsugunna ya shafa tayar gaba ta gefenta. Ta waje lafiya lau, amma da ya zura hannu ta ciki sai ya ji ta yi sulɓi, zanen ya cinye. Zuciyarsa ta tafi kan abu ɗaya, boljoyin, gaɓar nan mai kai kamar ƙwallo da ke zaune cikin kwarminta, wadda ke riƙe taya da hannun ƙasa, ƙarfen da ya miƙo daga gangar mota zuwa taya. Amma ai ya ɗaga motar a baya, ya girgiza tayar, ba ta motsa ba. Ya miƙe yana goge hannun da ba abin da ya same shi.

"Baba, ko za mu ɗan zaga?"

"Mu zaga mana. Mai ne zai ƙone, ba naka ba."

Auta ta zauna a kan benci. Suka fita.

Tun kafin su bar ƙofar gareji aka fara. Katakon yanzu ba katako ba ne, jiƙaƙƙe ake yankowa. Kafintocin yanzu ba sa iya riƙe guduma. Mijin babbar 'yarsa yaron kirki ne amma ba ya cin abinci kamar namiji. Mai Ƙafa ya manna tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya karkata kai wajen ƙofa. Ya nuna hanyar bayan kasuwa, wadda ruwa ya farfasa.

Rami na farko ya zo.

"...na ce masa, kai, ni za ka koya wa awo? Ni da nake awo da taƙi tun ba a kawo tef ba..."

Ya wuce. Mai Ƙafa ya ji wani abu a ƙafarsa, amma kunnensa bai kama komai ba. Gumi ya fara bin bayansa. Ya gwada yin gyaran murya. Dattijon ya ɗauka tambaya ce.

"Tari kake? Ka daina shan ruwan sanyi. Wani abokina, Allah ya jiƙansa, haka ya fara..."

Rami na biyu ya wuce cikin labarin mamacin.

Mai Ƙafa ya taɓa ganin wata motar da boljoyin ɗinta ya fice tana cikin gudu. An jawo ta garejin, tayar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi kamar ƙafar akuyar da ta karye, ƙofar fasinja ta zama kamar takardar da aka duƙunƙune. Bai tambayi wanda ke zaune a wurin ba, don ba ya son a ba shi amsa. Yanzu shi ne a wannan kujerar. Gobe Auta ce. Har yanzu akwai ƙamshin turarenta a jikin kujerar, ya gauraya da ƙamshin sabon katako. A gabansu ga wani wuri mai tsakuwa da ramuka a jere, sannan kwana, bayan nan kuma kwalta ce sumul har gareji. Idan wannan ya wuce, shi ke nan.

"...shi ya sa nake gaya wa yaran yanzu, abin da ya fi komai shi ne ladabi, idan babba yana magana..."

"Baba, yi shiru!"

Ba don Allah, ba ka yi haƙuri, ba komai. Haka ta fito, da ƙarfi, kamar yadda yake daka wa Mai Fenti tsawa idan ya kunna injin feshi. Bakin dattijon ya tsaya a buɗe. Sannan ya rufe shi a hankali.

Cikin wannan shirun tayar ta faɗa rami.

Gwaf.

Ta fita ta sake faɗawa. Gwaf, gwaf. Ƙara ce mai nauyi, ta ƙarfe da ke dukan ƙarfe, daga can ƙasa kusa da taya. Da suka karya kwanar sai wani kuka ya biyo baya, ƙiiii, kamar tsohuwar ƙofa. Mai Ƙafa ya lumshe ido. Ya ji ta. A ƙarshe ya ji ta, kuma ya san ko mece ce. Sai a lokacin ya tuna abin da ya fito daga bakinsa, ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya dira.

Suka shigo gareji ba wanda ya ce uffan. Mai Fenti ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya dubi motar, ya dubi Mai Ƙafa.

"Lafiya? Wa ya kashe..." Ya haɗiye sauran.

Auta ta miƙe tsaye. Tun da take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya kashe mota ya sauko bakinsa a rufe ba.

Dattijon ya zaga baya, ya ɗauko jak ɗinsa, ya kafa shi a ƙarƙashin casis, babban ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai. Nan yake kafa shi kullum, da hannunsa. Nan ya kafa shi sau biyun da suka wuce yana cewa motarsa ba a sa mata jak ko'ina sai nan. Mai Ƙafa ya tsaya yana kallon jak ɗin, sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya. A irin wannan tsohuwar motar sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, yana zaune ne a kan hannun ƙasa. Idan aka ɗaga ta casis, sifirin sai ya danna hannun ƙasa da dukan ƙarfinsa, ya matse gaɓar ƙam. Ko ta mutu murus ba za ta yi motsi ba. Ya san wannan. Ya daɗe da saninsa. Kunya ce ta toshe masa kai.

Ya durƙusa, ya sassauta jak ɗin dattijon, ya jawo shi waje. Ya ji idon mutumin a ƙeyarsa kamar garwashi.

"Baba, ba nan ba."

Ya kawo nasa jak ɗin, ya kafa a ƙarƙashin hannun ƙasa, dab da taya, ya ɗaga har tayar ta bar ƙasa, ya tokare casis da ƙarfen tsaro. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Ta amsa masa, ƙwal-ƙwal, kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya zura liba, dogon ƙarfen banƙara, a ƙarƙashinta ya ɗaga. Tayar ta yi sama, hannun ƙasa bai bi ta ba. Ya haska tocila. Robar da ke rufe gaɓar ta yage tun tuni, giris ɗin ya tafi, yashi da tsatsa sun maye gurbinsa.

"Baba, ka sa hannu a nan ka ji."

Bai zaci zai yi ba. Dattijon ya tattare riga, ya tsugunna da ƙyar saboda gwiwar, ya ɗora yatsu a kan gaɓar. Mai Ƙafa ya sake ɗaga libar. Ƙarfen ya yi tsalle a ƙarƙashin yatsun. Dattijon ya janye hannu, ya dubi baƙin da ya shafe shi, ya daɗe yana duba.

"Motar nan ba za ta fita daga nan ba sai na canza shi," in ji Mai Ƙafa. "Ko gida ba za ta je ba."

Dattijon ya miƙe, ya je ya zauna a kan benci, ya harɗe hannuwa.

Auta ta tare Mai Ƙafa a bayan motar lokacin da yake neman makullin babur ɗin Mai Fenti don zuwa sayo sabon boljoyin.

"Me ka yi masa?"

"Na ce ya yi shiru."

"Ka ce wa ya yi me?"

"Haka kawai ta fito."

Ta rufe baki da hannu biyu. Bai gane ko dariya take dannewa ko kuka ba, ita ma da alama ba ta gane ba.

"Mamanmu ma ba ta taɓa ba. Likita ya gwada, Baba ya canza asibiti. Wayyo, ka kashe mu."

"Gara ya hana ni ke, da a ce gobe..." Ya kasa ƙarasawa.

Ta kalle shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba, babu wasa a ciki ko kaɗan.

"Je ka sayo abin," ta ce.

Ya tafi kasuwar kayan mota kamar ana korarsa. Shago na farko babu. Na biyu suka miƙo masa wani mai ƙyalli, ya juya kan ƙwallon da yatsa ya ji yana lilo, ya ajiye musu abinsu. A cikin cunkoso, tsakanin hayaƙi da hon, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri yana rushewa. Baba, sharrin bakina ne. Baba, ban san lokacin da... Babu wadda ta tsaya da ƙafarta. A wani lungu ya samu na ƙwarai, mai tauri, wanda sai da ya sa ƙarfi kafin kan ya motsa. Ya cusa shi a aljihu ya juyo.

Ya tarar da su yadda ya bar su. Mai Fenti ya kawo wa dattijon shayi, yana nan a gefen benci ya huce.

Mai Ƙafa ya cire taya. Ya kwance gidan birki ya rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyo. Ya miƙar da ɗan fil ɗin da ke tsare noti, ya zare shi da filaya, ya sassauta notin amma bai cire shi duka ba, domin sifirin da ke matse a wurin ba abokin wasa ba ne. Ya ɗauki guduma ya fara dukan gefen ƙarfen da gaɓar ta shige. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi. Duk dukan da ya yi sai ya ji kamar garejin gaba ɗaya na saurarensa. Bai taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Da a ce dattijon zai buɗe baki ya zage shi, ya zagi kawunsa, ya ba da labarin gwiwa tun daga farko, da ya gode masa.

Mai Fenti ya tsugunna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Mutumina, in an fasa, ina da ƙanwa. Ba ta kai wannan ba, amma ubanmu kurma ne."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya ɗaga gudumar da haushin duniya ya sauke. Tas! Gaɓar ta saki. Ya matse tsohon ya fice daga gidansa, ya goge wurin da tsumma har ƙarfen ya yi haske, ya daidaita sabon ya matsa shi a hankali har ya zauna daram. Ya ɗura giris sai da robar ta ɗan kumbura. Ya ɗaure noti, ya sa sabon fil ya lanƙwasa ƙafafunsa, ya mayar da birki, ya mayar da taya. Ya sake kama ta sama da ƙasa ya girgiza da dukan jikinsa. Motar ce ta girgiza, tayar ba ta ce komai ba. Ya leƙa ɗaya gefen ma, ya gwada shi yadda ya kamata, ya same shi lafiya.

Ya ɗauki tsohon boljoyin ɗin ya kai gaban benci, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Dattijon ya karɓa. Ya taɓa kan ƙwallon da ɗan yatsa, kan ya faɗi gefe kamar wuyan kazar da aka yanka. Ya ɗaga shi, ya sake faɗuwa. Dattijon ya juya ya dubi 'yarsa, ya dubi kujerar fasinja. Ya ajiye ƙarfen a kan benci, ya tashi ya nufi mota, ya yi wa Mai Ƙafa alama da haɓa.

Suka sake bin hanyar bayan kasuwa. Rana ta fara yin sanyi, inuwar shaguna ta miƙe a kan titi. Mai Ƙafa ya tattaro duk abin da ya rage masa na ƙarfin hali.

"Baba, don girman Allah, abin da na faɗa ɗazu..."

Dattijon ya ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari, ya tsayar da shi. Ya karkata kai, ya saita motar da gangan ta faɗa rami. Ta faɗa ta fito, lumus. Ya nemi wani ramin ya sake jefa ta. Ya karya kwanar nan da ɗan ƙarfi. Babu gwaf, babu kuka. Ya yi ta bin ramuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar wani abu da ya zubar, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

A gareji Mai Ƙafa ya sauka. Ya ce a biya wurin masu saitin taya kafin a ɗora kaya, a kuma mayar da tayar da ta cinye baya. Dattijon ya gyaɗa kai. Auta ta shiga ta zauna, ba ta yarda ta ɗago ido ba. Aka kunna mota. Ta fara tafiya, ta kai bakin ƙofa.

Sai ta tsaya. Ta dawo da baya a hankali har tagar direba ta zo daidai da shi.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Ba ka da kunya."

"Haka ne, Baba."

"Kar ka ce min haka ne! Haka ne ɗin nan naka ne ya kusa kashe min 'ya." Ya ja numfashi, ya dubi gaba. "Shi kawun naka, shi ma haka yake katse manya?"

"A'a, Baba. Shi mai haƙuri ne."

"To ka ce ya zo ya same ni idan na dawo. Ya zo da wuri, kuma ya ci ya ƙoshi kafin ya taho, don maganar tana da tsawo."

Auta ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, kafaɗunta na rawa. Motar ta fita.

Mai Ƙafa ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya. Ya kai hannu zai ɗauki sifana, ta suɓuce. Ya sake, ta sake suɓucewa. Ya dubi hannuwan nasa, baƙi wuluk, sai ya ji hawaye da dariya sun taho masa tare, ya rasa wanda zai fara ba hanya.

"Zauna nan ka yi ta kuka," in ji Mai Fenti yana tattara masa kayan aiki. "Ni zan rufe maka. Ko so kake dattijon ya kwana ya sake tunani?"

Bai ko wanke hannu ba. Ya fita da gudu zuwa gidan kawunsa.